Tsuntsu, Rabo da Camfi: Sharhi kan Saiwar Ɗa, Ya, Ra a Larabci

Duk wanda ya yi karatun allo ya san kalmar ɗairan tun yana ƙarami, domin tana cikin Suratul Fili, ɗaya daga surorin da ake fara rubuta wa yaro. An gaya masa ma'anarta tsuntsaye, kuma haka ne. Rikicin yakan taso daga baya, lokacin da mutum ya fara zama wurin tafsiri ko ya buɗe littafin hadisi, ya tarar da 'yan'uwan wannan kalma sun bazu ko'ina, amma malam ba ya fassara su da tsuntsu. A wata aya ya ce aiki, a wata ya ce shu'umci. A babin azumi ya ce alfijir mai yaɗuwa, a babin tauhidi ya ce camfi. In Allah ya kai mutum aikin Hajji kuma, ya ga an rubuta maɗar a allunan hanyar filin jirgin Jidda, sai a ce masa ita ma daga can ta fito.

Wannan ya sa wasu ke zargin masu fassara da kauce wa lafazi. Wasu sun ɗauka tunda sunan camfi daga tsuntsu aka ciro shi, to tsuntsu abin ƙi ne a addini. Akwai kuma masu tsammanin Ababil sunan wani nau'in tsuntsu ne da za a iya nunawa a daji. Duk waɗannan suna warwarewa idan aka bi kalmar tun daga tushenta.

Yadda saiwa take aiki

Yawancin kalmomin Larabci a kan baƙaƙe uku aka gina su. Waɗannan baƙaƙe su ne saiwa, abin da malaman lugga ke kira asali ko madda. A kansu ake ɗora wasula da ƙarin haruffa bisa wasu ma'aunai sanannu, sai kalmomi da yawa su fito, kowace da aikinta amma duk da ƙanshin ma'ana ɗaya. Bahaushe yana amfani da wannan tsari kullum ba tare da ya lura ba: hukunci, hukuma, hakimi da hikima duk 'ya'yan saiwa ɗaya ne.

Saiwar da ake magana a kanta ita ce ɗa (ط), ya (ي), ra (ر). Wannan ɗa ɗin shi ne na ɗalibi, ɗahara da ɗawafi. Ahmad Ibn Faris, wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira (1004), ya rubuta Maƙayisul Luga da niyyar mayar da kowace saiwa ga ma'anar da ta haɗa rassanta. Da ya zo kan wannan, sai ya ce asali guda gare ta: rashin nauyin abu a cikin iska, sannan aka aro wannan ma'ana ga duk wani abu mai sauri.

A nan akwai abin lura. Tushen ba halittar mai fuka-fuki ba ce, motsin ne. Ɗara yana nufin ya tashi, ɗa'ir kuma mai tashi, wato sunan mai aikatawa ne kamar yadda katib yake mai rubutu. A Hausa babu wata dangantaka tsakanin kalmar tsuntsu da kalmar tashi, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin abin da kunnen Balarabe ke ji. Da zarar an ce ɗa'ir, mu hoton tsuntsu muke gani. Balarabe kuwa yana jin duk abin da ya tashi, ya kuɓuce, ya nufi wani wuri.

A ruwayar Hafsu saiwar ta zo sau 29 a Alƙur'ani: ɗair sau 19, ɗa'ir sau 5, aikatau mai ma'anar yin camfi sau 3, aikatau mai ma'anar tashi sau 1, sai mustaɗir sau 1.

Tsuntsun kansa

Ɗa'ir tilo ne, ɗair jam'i, kamar rakib da rakb, mahayi da mahaya. Daga baya ake ƙara tara shi a ce ɗuyur ko aɗyar. Wasu magabatan malaman lugga, irin su Abu Ubaida da Ƙuɗrub, sun ce ana iya kiran tsuntsu ɗaya ma da ɗair, kuma a bakin Larabawan yau haka abin yake.

Wannan bambanci ya shafi mai karatun Warshu kai tsaye. A labarin Annabi Isa (AS) da ya yi siffar tsuntsu da yumɓu ya hura mata, a Ali Imrana aya ta 49 da Ma'ida aya ta 110, Hafsu yana karanta abin da siffar ta zama da ɗairan, Warshu kuwa, bisa ƙira'ar Nafi'u, yana karanta ɗa'iran. Gardin da ya haddace da Warshu da ɗan Islamiyyar da ya koya da Hafsu sukan yi musu a nan, alhali kowa yana kan ingantacciyar ƙira'a. Ɗaya ta kalli jinsin, ɗaya ta kalli kowane tsuntsu shi kaɗai. Saboda haka ƙididdigar da ta gabata takan ɗan sauya a Warshu: ɗair 17, ɗa'ir 7.

Shin duk abin da ke tashi ɗair ne? Ragibul Asfahani a cikin Mufradat ya faɗaɗa ma'anar ta haɗa duk mai fiffike da ke iyo a iska. Jahiz, wanda ya rasu a 255 bayan Hijira, ya ja da irin wannan fahimta a Kitabul Hayawan. Hujjarsa ita ce fara da ƙuda suna tashi amma Balarabe ba ya sa su cikin ɗair, kaza kuwa ba ta iya wani tashin kirki amma yana sa ta. Wato asalin kalma daban, yadda mutane suka saba amfani da ita daban. Wannan saɓani zai sake ɓullowa a maganar Ababil.

Akwai kuma wata tambaya da malaman balaga suka daɗe suna yi a kan Suratul An'am aya ta 38, inda aka ambaci ɗa'ir sannan aka ƙara da cewa yana tashi da fuka-fukansa biyu. Da me tsuntsu zai tashi in ba da su ba? Ɗaya daga amsoshin ita ce, Larabawa sun yawaita aron kalmar tashi ga sauri da gaggawa, har ta kai sai an ambaci fuka-fuki kafin a tabbatar tsuntsun gaske ake nufi.

Sauri, firgita da yaɗuwa

Doki mai gudu ɗayyar ne. Wanda ya ruɗe an ce hankalinsa ya tashi, wanda ya shahara an ce sunansa ya tashi, wanda ya fusata an ce tsuntsunsa ya tashi. Kishiyarsa, mutum mai natsuwa, shi ne sakinuɗ ɗa'ir, mai tsuntsu a zaune. Mu ma da muke cewa hankali ya tashi ko hankali ya kwanta ba mu yi nisa da su ba.

Cikin waɗannan maganganu akwai ɗaya da ta shiga hadisi, wadda ake siffanta zaman sahabbai gaban Annabi (SAW) da ita: kamar akwai tsuntsaye a kawunansu. Malaman lugga sun ce daga raƙumi aka samo ta. Hankaka yakan sauka a kan raƙumi yana tsince masa kaska, raƙumin kuma saboda daɗin da yake ji sai ya sandare, ba ya ko kaɗa kunne don kada ya kore shi, yadda sa yake yi wa carki. A nan tsuntsu alamar ladabi da natsuwa ne, babu ko ɗigon shu'umci.

Reshe mafi muhimmanci a wannan ɓangare shi ne istaɗara, wato ya yaɗu kamar an watsa shi a iska. Ana faɗinsa ga ƙura, da walƙiya, da gobara, da tsagewar bango idan ta ci gaba. Mai wannan siffa shi ne mustaɗir, kuma da ita aka siffanta sharrin ranar ƙiyama a Suratul Insan aya ta 7. Mai azumi yana da ruwa da tsaki a nan. Kafin asuba wani farin haske yakan miƙe tsaye daga gabas, siriri daga sama, duhu na kewaye da shi ta kowane gefe. Larabawa suna kamanta shi da wutsiyar kerkeci. Wannan shi ne mustaɗil, mai tsawo, alfijirin ƙarya, ba ya hana sahur kuma ba ya halatta sallar asuba. Can daga baya wani hasken yakan kwanta a gindin sama ya bazu dama da hagu yana ƙaruwa. Shi ne mustaɗir, alfijirin gaskiya. Hadisin Samura ɗan Jundubu da Muslim da Tirmizi suka ruwaito a kan wannan bambanci yake. Harafi ɗaya ne tsakanin kalmomin biyu, lam da ra, amma saiwarsu ba ɗaya ba ce: ta farko daga tsawo, ta biyu daga tashi.

Yadda tsuntsu ya zama mai ba da labarin gaibu

Kafin Musulunci, Balaraben da ya yi niyyar tafiya ko aure ko fatauci yakan fita da sassafe ya nemi tsuntsu a zaune. In ya same shi sai ya daka masa tsawa ko ya jefe shi da tsakuwa, ya tsaya yana kallon inda zai nufa. Ya yi dama, sai mutum ya ɗaure kayansa ya kama hanya. Ya yi hagu, sai ya kwance sirdi ya koma gida, ko da ayari na jiransa. Wannan al'ada ita ce zajr, wato korar tsuntsu, masu ƙwarewa a fassara ta kuma sana'arsu iyafa. Ƙabilar Banu Lihb ta yi suna a kanta.

Suna da sunaye ga kowace fuska. Wanda ya gifta ya ba ka gefensa na dama sanih ne, wanda ya ba ka na hagu barih, wanda ya tunkaro ka naɗih, wanda ya ɓullo ta bayanka ƙa'id. Galibi sanih ake so, barih ake ƙi. Amma malaman lugga sun ruwaito cewa mutanen Najdu da na Hijaz sun saɓa a kan haka, abin da waɗannan ke murna da shi, shi waɗancan ke gudu. Tsuntsu ɗaya, tashi ɗaya, fassara biyu masu karo da juna: wannan kaɗai ya isa ya nuna inda labarin yake fitowa.

Wasu tsuntsayen ba a ma jiran tashinsu. Hankaka ya fi kowa baƙin jini. Sunansa gurab, saiwarsa ɗaya da gurba, wato baƙunta da nisan gida, kuma shi ne ke sauka a kufai yana tone-tone bayan masu zango sun tashi, sai aka laƙaba masa hankakan rabuwa. Mujiya kuma, in ta sauka a kan gida ta yi kuka, sai a ce mutuwa ta sanar, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ba Larabawa kaɗai ba ne: Rumawan da suna da jami'ai na musamman masu duban tashin tsuntsaye kafin a fita yaƙi ko a yi zaɓe, a tsohon Girkanci ma kalma ɗaya ce ke nufin tsuntsu da alamar abin da zai faru.

Sannu a hankali abin ya wuce tsuntsu. Aka riƙa camfa barewa, da atishawa, da mai ido ɗaya, da dabba mai karyayyen ƙaho, da wasu ranaku. Sunan dai bai sauya ba, ya zauna a kan abin da aka fara da shi. Aikin shi ne taɗayyur, sunan abin kuma ɗiyara. Duk inda aka ga ɗiyara a littafin hadisi, camfi ake nufi, ko da tsuntsu a ciki ko babu.

Ɗa'ir da ma'anar rabo

A nan ne mafi yawan ruɗanin yake, domin ana haɗa ɗa'ir da ɗiyara a yi musu kuɗin goro. Ɗiyara ta karkata ga mugun abu. Ɗa'ir kuwa bai karkata ko'ina ba, rabon mutum ne, mai daɗi ko marar daɗi. Mai sa'a shi ne maimunuɗ ɗa'ir. A hadisin tarewar Nana A'isha (RA) da Buhari ya ruwaito, matan Madina sun tarbe ta da addu'ar alheri da albarka da mafi alherin ɗa'ir, wato mafi kyawun rabo. Da kalmar tana ɗauke da shu'umci da ba a yi wa amarya addu'a da ita ba.

Ta yaya mai tashi ya zama rabo? Bayani biyu ake yi. Na farko ya ce daga zajr ne: tunda tsuntsu ake kallo a san abin da zai sami mutum, sai aka kira abin da zai same shi tsuntsunsa. Na biyu ya ce daga ƙuri'a ne, domin in an yi rabo Balarabe yakan ce kaso kaza ya tashi zuwa ga wane, wato ya faɗa masa. Ummul Ala'i, wata mata daga mutanen Madina, da wannan lafazi ta ba da labarin yadda aka yi ƙuri'ar saukar da masu hijira, Usmanu ɗan Maz'unu ya faɗo a gidansu. Haka ma a labarin ƙuri'ar tafiya da ta faɗa kan A'isha da Hafsa. Bayani na biyu ya fi dacewa da abin da Ibn Faris ya kafa, tunda ba ya buƙatar a bi ta kan camfi kafin a kai ga ma'anar. Amma ba dole ne ɗaya ya kore ɗaya ba, mai yiwuwa hanyoyin biyu ne suka haɗu a kalma guda.

Da wannan ake fahimtar Suratul Isra'i aya ta 13, inda Allah ya ce ya lazimta wa kowane mutum ɗa'ir ɗinsa a wuyansa, kuma ranar ƙiyama za a fito masa da littafi a buɗe. Tafsirin Jalalaini, wanda aka fi karantawa a masallatanmu da azumi, ya fassara kalmar da aikinsa. An ruwaito daga Ibn Abbas da Mujahid ma'anar aiki da abin da aka ƙaddara wa mutum, Abu Ubaida kuma ya ce rabonsa. Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a tarjamarsa ta Hausa bai sa tsuntsu a nan ba, kalmar rekodi ya ɗauko. Babu ɗayansu da ya kauce wa lafazi. Wanda ya ce tsuntsunsa ne zai bar mai sauraro cikin duhu, domin Bahaushe ba ya kiran rabonsa tsuntsu.

Abin da ayar ta yi da kalmar ya cancanci a tsaya a kansa. Mutanen da aka fara karanta wa ita sun saba ɗaga kai sama suna neman makomarsu a jikin wani abu da ke wucewa, wanda ba su da iko a kansa. Sai aka ɗauki kalmar tasu aka ce musu abin yana rataye a wuyan kowa, ba ya tashi ya bar shi.

Haka zancen yake a wurare uku da aka yi camfi da annabawa. Mutanen Fir'auna sun camfa Annabi Musa da waɗanda ke tare da shi a A'araf aya ta 131, Samudawa sun camfa Annabi Salihu a Namli aya ta 47, mutanen alƙarya sun camfa manzanninsu a Yasin aya ta 18. A biyun farko amsar ita ce ɗa'ir ɗinsu yana wurin Allah, a Yasin aya ta 19 kuma aka ce yana tare da su. Masu tafsiri ba su ga karo a nan ba: hukuncin daga Allah yake, sababin kuma halinsu ne. A duka ukun an cire abin daga kan wanda ake zargi.

Hukuncin ɗiyara da inda malamai suka saɓa

Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya kore ɗiyara tare da hama da camfin watan Safar. Hama, a fassarar Imamu Malik, mujiya ce. Wasu kuma suka ce wani tsuntsu ne da Larabawa ke riya yana fita daga kan wanda aka kashe, yana kuka har sai an ɗaukar masa fansa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa ɗiyara shirka ce. A wani hadisin an yi umarni a bar tsuntsaye a mazauninsu, Imamu Shafi'i kuma ya fassara shi da hana korar su don duba.

Iyakar abin da aka hana ta fito a hadisin Mu'awiya ɗan Hakam da ke cikin Muslim. Ya ce a cikinsu akwai masu camfi, aka amsa masa cewa abu ne da suke ji a ƙirazansu, kada dai ya hana su abin da suka nufa. Faɗuwar gaba idan mujiya ta yi kuka ba a kama mutum da ita. Fasa tafiyar ne laifi.

An bar ƙofa ɗaya a buɗe, ita ce fa'al, wato mutum ya ji kalma mai daɗi ya kyautata fata. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, da Ƙuraishawa suka aiko Suhailu ɗan Amru, Annabi (SAW) ya yi wa sahabbai bushara da sauƙi, domin sunan daga sauƙi yake. Bambancin shi ne fa'al ba ya yanke wa mutum shawara, ƙarfin gwiwa yake ƙara masa a kan abin da ya riga ya kama.

Inda aka yi saɓani na gaske shi ne hadisin Ibn Umar da ya ambaci shu'umci a cikin abu uku: gida, mace da doki. Malik da wasu sun bar shi a kan zahirinsa, cewa Allah yana iya sanya zama a wani gida ya zama sababin cuta. Haɗɗabi da jama'a da yawa sun ɗauke shi a matsayin rangwame: wanda zuciyarsa ta ƙi gida ya tashi, kada ya zauna yana zargi. Wasu suka ce shu'umcin gida ƙuncinsa ne da mugun maƙwabci, na doki taurin kai, na mace mugun hali, wato abubuwan da ake gani da ido. Wata ruwayar ta zo da sharaɗi, cewa in da shu'umci zai kasance a wani abu to da a nan ne. Nana A'isha kuwa, a ruwayar Ahmad, ta musanta fahimtar gaba ɗaya, ta ce Annabi labarin abin da mutanen jahiliyya ke faɗa yake bayarwa. Masu kafa hujja da wannan hadisi don su kira wata mata mai farar ƙafa saboda kasuwar miji ta karye bayan aure sun ɗauki fassara ɗaya daga cikin biyar, sannan suka ƙara mata abin da babu a ciki. Abin da suke yi ya fi kama da maganar Samudawa ga Salihu.

Tsuntsu kansa bai rasa mutunci ba a duk wannan. Alƙur'ani ya ambace shi yana tasbihi tare da Annabi Dawuda, yana cikin rundunar Annabi Sulaimanu, alhudahuda ya zo da labarin Saba'u. Hadisin tawakkali da Tirmizi ya ruwaito daga Umar da shi ya buga misali, mai fita da yunwa ya dawo a ƙoshe. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, wanda ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan an sare hannayensa biyu, laƙabinsa Aɗɗayyar, mai tashi a Aljanna.

Ababil ba sunan tsuntsu ba ne

Kalmar ababil ba daga wannan saiwa take ba, siffa ce da aka yi wa ɗairan a Suratul Fili. Ma'anarta ƙungiya-ƙungiya, wasu na bin wasu, kuma Larabawa suna faɗinta ga dawaki da raƙuma. Abu Ubaida da Farra'u sun ce ba ta da tilo. A Farisanci da Urdu ne aka mayar da ita sunan tsattsewa.

Game da abin da ya sami rundunar Abraha a shekarar giwa, wajen 570, mafi rinjayen masu tafsiri sun tafi a kan tsuntsaye ne na gaske ɗauke da duwatsu. Muhammad Abduh na Masar, wanda ya rasu a 1905, ya ce a tafsirinsa na Juz'u Amma yana iya yiwuwa ƙudaje ne ko sauro masu ɗauke da ƙwayar cuta. Ya dogara da faɗin ma'anar ɗair, da kuma ruwayar Ibn Ishaƙ cewa a shekarar aka fara ganin agana da ƙyanda a ƙasar Larabawa. Sayyid Ƙuɗub ya yi masa raddi a tafsirinsa Fi Zilal, yana ganin an matsa wa nassi ne don ya dace da tunanin zamani. Ta fuskar lugga zalla, ma'anar Ragib tana ba Abduh hanya, amma abin da Jahiz ya lura da shi yana tare ta: waɗanda aka saukar wa surar ba sa kiran ƙuda ɗair a maganarsu ta yau da kullum, kuma a cikinsu akwai tsofaffin da suka ga abin da idonsu.

Daga taurari zuwa filin jirgi

Masu ilimin taurari na Larabawa sun ga mikiya biyu a sama, mai tashi da mai sauka: Annasruɗ Ɗa'ir da Annasrul Waƙi'. Turawa suka karɓi sunayen suka taƙaita, na farko ya zama Altair, na biyu Vega. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa kuma, wani ƙaramin jirgin ruwa mai sauri da manya ke hawa a kogin Dijla sunansa ɗayyar.

Da jirgin sama ya bayyana bayan 1903, Larabci bai sha wahalar sa masa suna ba. Jirgin ɗa'ira ne a rubutu, ɗayyara a baki. Matuƙinsa ɗayyar, harkar sufurin sama ɗayaran, filin jirgi maɗar, wato wurin tashi. Ƙwallon raga ma alkuratuɗ ɗa'ira ce, ƙwallo mai tashi. Turkawa sun ari tayyare sun yi amfani da ita kafin su ƙirƙiro tasu, Swahili kuma da kalmar tsuntsu, ndege, yake kiran jirgin. Hausa ta bi wata hanya. Jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 daga Masar suka taso, amma sunan da aka ba su daga jirgin ruwa aka ciro shi, aka ƙara masa sama.

Kalmomin da ke kama da ita

Rubutun boko yana ɓoye wasu bambance-bambance da ke fili a rubutun Larabci, kuma ɗalibai sukan faɗa ramin. Maɗar mai dogon wasali filin jirgi ne, maɗar mai gajeren wasali ruwan sama ne, saiwarsa mim, ɗa, ra. Ɗayyar matuƙi ne, tayyar da harafin ta igiyar ruwa ce ko ta lantarki. Taɗayyur camfi ne, taɗawwur ci gaba ne, daga ɗa, wau, ra. Kalmar da ke nufin cuta a Suratush Shu'ara'i aya ta 50 da harafin lodi (ض) take farawa, saiwarta daban, duk da cewa ma'anarta ta sa wasu ke zaton 'yar'uwar ɗiyara ce.

Mai son ya bi saiwar da kansa ya lura da tsarin ƙamus ɗin da ke hannunsa. Maƙayis da Mufradat da harafin farko suke jera kalmomi, don haka a harafin ɗa zai duba. Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 711 bayan Hijira, da Alƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi, wanda ya rasu a 817, a tsarinsu na asali da harafin ƙarshe suke farawa: sai ya buɗe babin ra, ya nemi faslin ɗa.